Perpetua Biyu a Tsohon Gida

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Mutum arba'in da ɗaya. Su ne suka ga sanarwar neman jini da na sa ranar Asabar, a zaurenmu na intanet mai mutum dubu goma sha ɗaya. Na cire tabarau na goge na sake dubawa, lambar ba ta motsa ba.

Shekara bakwai ke nan da na buɗe zauren nan na iyayen masu sikila a Kisumu, shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa. A da in na rubuta "ana neman jini", kafin shayina ya huce waya ta fara ƙara. Yanzu in na buɗe dandalin sai na ratsa tallan takalma, da 'yan mata masu rawa, da wasu ƙarti biyu da ban sani ba suna zagin juna a kan siyasa, kafin in ga fuska ɗaya da na sani. Benta Awuor, wadda muke kula da zauren tare, ta laƙaba wa dandalin suna Tsohon Gida. Ɗayan kuma, wanda matasa ke ta tururuwa zuwa, Sabon Gida. Ta ce mu kwashe kayanmu mu koma. Na ce mata ba a barin gida don rufi na ɗiga.

Wanda aka nema wa jinin ya samu, amma ta hanyar 'yan cocinsu.

Laraba, 5 ga Maris, azahar

Wani mai kiran kansa Likitan Saiwa ya addabe mu. Duk abin da aka rubuta a zaure, tallansa na manne a ƙasa: kwalba mai ruwan kore, wai tana wanke sikila cikin kwana casa'in. Na goge, ya dawo. Na toshe shi, ya ɓullo da wani sunan. Na kai ƙara wurin masu dandalin, suka amsa cikin minti ɗaya cewa sun duba a tsanake, bai karya doka ba. Wane irin tsanaki ne minti ɗaya?

Abin da ya fi tsaya mini, mata uku sun ce ya kira su a waya, har da sunan 'ya'yansu. Lambobin nan ba sa bainar zaure. Suna cikin jerin da muka haɗa na iyaye da masu ba da jini, kuma mutum biyu ne ke da jerin a duniya. Ni da Benta.

Ban ce ita ce ba.

Alhamis, 6 ga Maris, la'asar

Mutum talatin da takwas sun fita daga zaure yau, babu wanda ya yi sallama.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Benta ta tare ni a bakin ƙofar coci, tana ta fifita da takardar waƙoƙi.

"Malama, kada ki ji a bakin wani. Na buɗe mana zaure a Sabon Gida."

"Mana? Ni da wa?"

"Tun ranar Talata. Mun kai ɗari shida."

"Ashe su ne masu fitan nan."

"Ni ban kori kowa ba, ƙofa kawai na nuna musu. Can in kin rubuta abu, kowa yana gani, bi da bi yadda aka rubuta. Babu kwalba, babu masu rawa."

"Yanzu dai babu."

Ta yi dariya, ta ce ni ko Aljanna aka kai ni sai na tambaya wa ya biya kuɗin fenti. Na ce ai tambaya ce mai kyau. Ta ce mutane sun gaji, wai Tsohon Gida ya koma kasuwar Kibuye ranar Lahadi, kowa na ihu, ba mai jin kowa, kuma ga masu yankan aljihu. Duk na san wannan. Abin da ban sani ba shi ne yadda aka yi ta gayyaci mutum ɗari shida cikin kwana biyar in ba da jerin nan ba. Ta buɗe zaurenta ranar Talata, kiran wayar ya fara ranar Laraba.

Ban ce ita ce ba. Ranaku kawai na rubuta.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Yanzu mu biyu ne. Akwai wata Perpetua Aoko, mai sunana sak, a Tsohon Gida, da hotona na ranar bikin ba da jini, ina sanye da koriyar riga. Ta shiga akwatin saƙon mutane tana ce musu ita ma ta gwada kwalbar nan a gidanta, ta ga aiki.

A gidanta.

Wata ce ta turo mini hoton saƙon. Rubutun duk kurakurai, irin waɗanda nake zagayewa da jan biro shekara talatin. Amma a ƙarshe ta rufe da "mu riƙe juna", kuma wannan maganar Benta ce, ita ke rufe kowace sanarwa da ita. Na nuna wa mijina Ogola, yana zaune yana gyaran rediyonsa da ba ta taɓa gyaruwa ba.

Ya kira ni da sunan garinmu kamar kullum, ya ce, "'Yar Seme, mutum dubu goma sha ɗaya ne suka karanta wannan maganar sau ɗari. Ko ni zan iya rubuta ta."

"Kai ne ke nan?"

"Da ni ne, da na zaɓi hoton da kika fi kyau."

Ban yi dariya ba.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na kai ƙarar Perpetuar ƙarya jiya. Yau ni aka kulle. Wai an samu rahoto cewa ina kwaikwayon wata. Ina iya ganin zaure ta wayar Ogola, amma a tawa ba na iya shiga, ba na iya rubutu. Sun ce in turo katin shaida, na tura. Sun ce hoton bai fita ba, na sake. Sun ce in ɗauki bidiyon fuskata ina juya kai hagu da dama. Na zauna a tsakar gida ina juya kai kamar ƙadangare, maƙwabciyata na leƙe ta katanga.

Ana cewa sai mutane da yawa sun kai ƙara a lokaci ɗaya ake kulle mutum. Wa ke da mutane da yawa a hannu?

Juma'a, 14 ga Maris, safe

"Muna duba buƙatarki." Babu suna, babu lambar waya, babu ofis da zan je in zauna a benci.

Asabar, 15 ga Maris, bayan abincin rana

Na dafa ƙananan kifin omena da tuwon ugali, na ci loma uku.

Ba zauren kaɗai aka kulle mini ba. Akwai ɗaya shafin, na ɗanmu Owiti, wanda nake buɗewa kowace safiya kafin in ɗora ruwa. Ta wayar Ogola hoton gaba kawai ake gani, don su biyun ba su taɓa ƙulla abota a can ba, wai kada uba ya riƙa sa ido. Saƙonnin muryarsa kuwa a akwatina suke, ɗari biyu da goma sha huɗu. Ban taɓa tunanin in kwafe su ba. Wa ke kwafe abin da ke gidansa?

Saura kwana biyar ashirin ga wata.

Litinin, 17 ga Maris, la'asar

Na gamu da Truphena Apondi a kasuwa wurin masu tumatir. 'Yarta Neema shekararta tara, tun tana goye suke zaurenmu. Ta rungume ni tana godiya.

"Godiyar me, Maman Neema?"

"Maganin nan mana. Yau kwana shida da muka fara. Na ajiye ƙwayoyin asibiti kamar yadda kika ce, don kada su yi faɗa da juna."

Na ajiye kwandona a ƙasa. Na ce ta nuna mini saƙon. Ga hotona, ga sunana, ga "mu riƙe juna". Na ce mata ba ni ba ce, ni an kulle ni tun Laraba. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta sake dubana, kamar tana auna wadda za ta gaskata.

"To in ba ke ba ce, me ya sa ba ki faɗa a zaure ba?"

"Da wane baki?"

"Benta fa? Ai ita tana da baki."

Na ɗauki kwandona. Daga baya na duba a wayar Ogola. Benta ta sa gargaɗi tun ranar Alhamis, har sau biyu. Mutum ashirin da shida ne suka gani. Truphena ba ta ciki.

Na raka ta gida, na tsaya har ta ba yarinyar ƙwayarta a gabana. Idanun Neema sun yi ɗorawa. Na karɓe kwalbar, na zubar a kwata. Warinta kamar jiƙaƙƙen buhu.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta yadda ya faru daki-daki, har da abin da ba na son rubutawa.

Ƙarfe tara na safe Truphena ta kira daga babban asibiti. An kwantar da Neema, jininta ya yi ƙasa sosai, kuma nata irin mai wuyar samu ne, babu shi a ma'ajiya. Likita ya ce a nemo kafin yamma.

Na ɗauki wayar Ogola na rubuta sanarwa a zaure da sunansa. Sai rubutu ya fito: ana jiran amincewar mai kula da zaure. Masu kula da zaure mu biyu ne, ɗaya a kulle. Ni na kafa wannan dokar da hannuna saboda mai kwalba.

Na kira masu ba da jini huɗu da na haddace lambarsu. Ɗaya yana Nairobi, ɗaya ta haihu, biyu ba su ɗauka ba. Sauran jerin yana cikin akwatin da aka kulle.

Ogola ya ce, "Kira Benta."

Na ce bari in gwada wasu tukuna.

"'Yar Seme, yarinyar ba ta san kuna faɗa ba."

"Ba faɗa muke ba."

"To kira ta."

Sha ɗaya da kwata na kira ta. Awa biyu da minti goma sha biyar. Na rubuta a nan don kada wata rana in gaya wa kaina cewa minti goma ne.

Benta ba ta tambaye ni komai ba sai lambar gado da irin jinin. Ta sa a gida biyun a lokaci ɗaya. Kafin sha biyu mutum uku sun amsa a Sabon Gida. Wani ɗan bodaboda, wato ɗan acaɓa, daga Kondele ya sauke fasinjansa a hanya ya taho, wata mai sayar da shinkafa ta hau mota daga Ahero. An sa wa Neema leda ta farko ƙarfe uku. A Tsohon Gida kuwa, zuwa yanzu mutum goma sha tara sun gani, sharhi ɗaya ne a ƙasa, na mai kwalba.

Mun zauna a benci ɗaya da Benta a barandar asibiti. Ta saya mini shayi. Na sha.

Alhamis, 20 ga Maris

Da Owiti yana raye, yau zai cika shekara ashirin da shida. Ban fita ba.

Lahadi, 23 ga Maris, la'asar

Neema ta ci ayaba jiya, ta nemi a kawo mata littafinta na zane. Likita ya ce da an ƙara awa kaɗan, da wani labarin ake yi. Bai faɗi awa nawa ba, ni ma ban tambaya ba.

Benta ta zo gida bayan coci. Ogola ya ɗauki rediyonsa ya koma gindin mangwaro.

Ta ce, "Malama, kina zargina."

"Na ce miki haka?"

"Kwana goma kina gaishe ni kamar mai karɓar haraji. Faɗi kawai."

Na faɗa. Jerin, da ranakun, da "mu riƙe juna", da ɗari shidan. Ta saurara har na gama, tana juya kofin shayi a hannu.

"Ɗari shidan ɗaya bayan ɗaya na bi su, har babban yatsana ya kumbura. Na yi amfani da jerin, ban musa ba, namu ne. Amma ɗana Brayan yana shan ƙwayar nan tun yana wata tara, kin sani. Ni zan sayar da lambar uwa irina?"

"To wa?"

"Ban sani ba. Wata ƙila wani ya shiga akwatinki. Ko nawa. Wata ƙila su masu gidan ne ke sayar da mu, ai ba don Allah suke ba mu ɗaki kyauta ba. Ke ba ki taɓa tura jerin ga kowa ba?"

Na ce a'a.

Ta ajiye kofin, ta ce, "Maman Owiti, ba zauren ne ya riƙe ki a can ba. Kowa ya sani, ba wanda ke son faɗa miki."

Ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Na tashi na ce zan duba wake a wuta. Babu wake a wuta.

Litinin, 24 ga Maris, safe

Na tuna wani abu game da jerin. Bara, lokacin damina, na tura shi ga wata ƙungiya da ta rubuto mini cewa za ta raba gidan sauro ga iyalai. Ba a kawo gidan sauron ba.

Ba lalle ne su ba.

Laraba, 26 ga Maris, azahar

An buɗe ni. Babu bayani, babu ban haƙuri, sai "barka da dawowa" da hoton balan-balan. Ɗaya Perpetuar tana nan daram, abokanta sun kai ɗari huɗu.

Na shiga shafin Owiti. Ranar ashirin ga wata dandalin ya aika wa abokansa cewa su taya shi murnar ranar haihuwa. Wasu da ba su sani ba sun rubuta "Allah ya ƙaro shekaru". A tsakanin hotonsa na kammala makaranta da na bakin tafki a Dunga an cusa tallan caca. Shekara bakwai ina share wurin nan da idona kowace safiya, ashe haya nake.

Na kira Ogola ya riƙe tasa wayar kusa da tawa, muka riƙa kunna saƙonnin ɗaya bayan ɗaya yana naɗa, don ban yarda da maɓallin kwafewa da suka ce a danna a jira kwana uku ba. Bai taɓa jin su ba. A na goma sha bakwai, inda yake cewa in gaya wa Baba ya daina ɓata kuɗi a kan rediyon nan, Ogola ya ajiye wayar ya fita. Ya dawo bayan ɗan lokaci da fuska a wanke, ya ce mu ci gaba. Mun kai sittin. Gobe sauran.

Asabar, 29 ga Maris, hantsi

Na shiga Sabon Gida. Benta ce ta saita mini, tana ta murmushi kamar wadda ta ci zaɓe. Mutum dubu biyu da wani abu. Na rubuta gaisuwa, cikin minti biyar amsa tamanin. Akwai sunayen da na ɗauka sun bar gari ko sun yi fushi da ni, ashe suna nan, shekara biyu dandali bai nuna mini su ba, bai nuna musu ni ba.

Na karanta dokokinsu tun daga sama har ƙasa, shafi goma sha huɗu. A na tara sun ce suna iya raba bayananmu da abokan hulɗa. Na nuna wa Benta.

"Su wa ye abokan hulɗar?"

"Malama, ki bari mu sha iska ko na wata ɗaya ne."

Na ce ta sha. Ni dai na sayi manyan littattafai uku masu bango mai tauri. Za a rubuta jerin da biro, ɗaya a gidana, ɗaya a gidanta, ɗaya wurin Truphena. Na kuma gaya mata zancen gidan sauro. Ta dai ɗan matsa hannuna. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Talata, 1 ga Afrilu, la'asar

Ban rufe tsohon zauren ba. Benta ta ce in rufe, na ce in na rufe, wanda ya nemi "sikila Kisumu" wa zai tarar? Ɗaya Perpetuar.

Yau ina share tallan kwalba na ci karo da rubutun wata Everline daga Muhoroni. Tun ranar Alhamis ta sa shi, sai yau dandalin ya ga damar nuna mini. An gwada jaririyarta 'yar wata bakwai, an ce sikila ce, hannayenta sun kumbura, ba ta san kowa ba, me za ta yi? Amsa ɗaya ce a ƙasa, kuma kun san ta wa. Ta bar lambarta a fili, na kira.

"Sunana Perpetua Aoko, ni ce mai zauren."

Ta ce, "Wacce daga ciki? Wata Perpetuar ta riga ta yi mini magana."

"Kin saya?"

"Mijina ya ce mu jira ƙarshen wata. Ta yaya zan san ke ce ta gaskiya? Ita ma ta ce akwai mai kwaikwayonta."

Na buɗe baki in rantse, sai na ga ita ma waccan za ta iya rantsuwa. Na ce mata kada ta yarda da ni. Na ce ranar Alhamis ake duba masu sikila a babban asibiti, ta kawo jaririyar wurin likita, ta taho da mijinta ko 'yar'uwarta. Zan zauna a benci na biyu daga ƙofa. Ba zan kawo komai na sayarwa ba. In ta ga dama ta yi mini magana, in ba ta ga dama ba ta wuce ni ta shiga, shigar ce mai muhimmanci.

Ta ce za ta yi tunani.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Tun bakwai da rabi nake bencin. An yi ruwa, an ɗauke. Wajen goma na lura da wata doguwar yarinya da goyo, tsaye a jikin ginshiƙi, wata dattijuwa na riƙe mata jaka. Ta dubi wayarta, ta dube ni. Ta je ta tambayi ma'aikaciyar jinya wani abu, ma'aikaciyar ta nuno ni da haɓa. Duk da haka ba ta zo ba. Ta karɓi kati, ta shiga layi, ta ga likita, ta fito da ledar magani a hannu, ta koma jikin ginshiƙin tana kallona.

Ban ɗaga mata hannu ba, ban yi murmushi ba. Na bar ta ta gama kallo.

Sai da dattijuwar ta gaji ta zauna a ƙasa, sannan ta tako a hankali ta tsaya a gabana. Ba ta gaishe ni ba. Ta kwance goyon ta juyo da jaririyar, ta miƙo mini ɗan hannun da ya kumbura, ta ce, "Wannan yana sauka?"

Na ce yana sauka. Na matsa mata ta zauna.